Motar haɗi ko motar zubi: wacce za ka fara saya?

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san motar kara. Ka samo karan dawa, ka ɓare bayansa ka yi tsinkaye, ka yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ka yi ta sokewa har bodi ya tashi, tayoyi kuwa daga tsohon silifas. Da na fara buɗe kwalin ƙaramar motar roba irin wadda ake haɗawa da hannu, wannan daɗin na yarinta ne ya dawo mini. Bambancin kawai, a nan kuɗi ake kashewa, kuma sayen farko idan ya zo a karkace yakan kashe wa mutum sha'awar gaba ɗaya. Shi ya sa nake so mu zauna a kan zaɓin kafin ka tura ko sisi.

Ƙananan motocin nan gida biyu ne. Akwai motar zubi, wadda ke zuwa a game da fentinta, bodinta na ƙarfen da ake narka tutiya da ɗan alminiyam a zuba a mazubi mai siffar motar. Matchbox ta Ingila da ta fara a 1953, Hot Wheels ta Amurka a 1968 da Tomica ta Japan a 1970 duk 'yan wannan gida ne, haka Maisto da Bburago masu yin manya. Sai motar haɗi, wadda ke zuwa a warwatse, ɓangarori masu yawa a maƙale jikin firam na roba, babu gam babu fenti, sai takardar da ke nuna maka abin da ke bin wani.

Kafin komai ka fahimci lambar da ke jikin kwali. Idan an rubuta 1/24, ana nufin an rage tsawon motar gaske sau 24. Ɗauki Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, tsawonta kusan mita huɗu da rabi. A 1/18 za ta kai santimita 25, a 1/24 kusan 19, a 1/43 goma da ɗoriya, a 1/64 kuwa bakwai kacal, ta kwanta a tafin hannu. Mai son 504 ɗin kanta ya nemi ta zubi, domin Norev na Faransa ya yi ta.

Idan burinka ado ne a kan kanta, ka sayi ta zubi ka huta, babu abin kunya a ciki. Tana jure hannun yara fiye da ta roba nesa ba kusa ba. Kuma ita ce hanya mafi araha ta koyon sauya kama: ka juya Hot Wheels, za ka ga ƙusoshin da suka riƙe bodi da ƙasan motar. A huda kansu da ƙaramin abin huji, motar ta rabu, a kankare tsohon fenti, a fesa sabo, a sauya tayoyi. Ƙarfe ba ya tsoron tina, wato ruwan da ake tsinka fenti ko wanke shi da shi, saboda haka kuskure ba ya zama asara, sai ka wanke ka sake. Abu ɗaya dai, waɗannan ƙananan ba kullum suke bin 1/64 daidai ba, girman fakiti ake bi, har ka ga babbar mota da ƙarama tsawonsu ɗaya.

Ni dai zuciyata tana wajen ta haɗi, kuma a nan ne zaɓi ke da wuya.

Manyan kamfanonin Japan huɗu, Tamiya, Aoshima, Hasegawa da Fujimi, duk a yankin Shizuoka suke, inda sana'ar ta samo asali daga aikin katako. Tamiya ma da harkar katako ya fara a 1946. Ma'auninsu na mota 1/24 ne. Abin da ya sa nake tura ɗan koyo wajen Tamiya shi ne ɓangarorinsa suna shiga juna ba gardama, takardar bayaninsa kuma zane ne da ko ba ka jin harshen za ka bi. Akwai Volkswagen Beetle ƙirar 1966 a cikin jerinsa, mota mai sauƙin jiki da launi ɗaya ya ishe ta. Aoshima kuwa ya fi daɗi ga mai son gyare-gyare, yana sayar da wili da tayoyi daban, kuma yana yawan yin motocin yau da kullum irin su Hilux da Hiace.

Na Amurka, irin AMT, a 1/25 suke. Ratar da ke tsakanin 24 da 25 ba ta da yawa, ido ba ya cika kamawa a kan kanta, amma kada ka ɗauka gilashin wannan zai zauna a jikin waccan. AMT ne ya yi suna tun ƙarshen shekarun 1950 da kwalin da ke ba ka hanya uku, ka haɗa motar yadda ta fito daga kamfani, ko ta ƙawa, ko ta tsere. Inji cikakke, salansa iri-iri, ragowar kaya da za su yi maka amfani gaba. Sai dai da yawa daga cikinsu da tsofaffin mazubai na shekarun 1960 ake sake buga su, don haka za ka tarar da rarar roba a gefuna, ka sha kankara da gwaji kafin bonet ya zauna. Mota ta uku ko ta huɗu ce wannan, ba ta farko ba. Revell ya sauƙaƙa wa mai saye da lambar mataki a jikin kwali, daga 1 zuwa 5.

Ka duba ko motar tana da inji. Wasu an rufe bonet ɗinsu ruf, inji sai ɗan zanen da ake gani ta ƙasa. Mutane na raina irin wannan, ni kuwa ita nake ba ɗan koyo shawara, domin ta rage masa aiki sosai, ya kai ga ganin mota a tsaye kafin zumuɗi ya huce. Ga yaro kuma akwai masu ɗosawa ba gam, kamar jerin The Snap Kit na Aoshima a 1/32 da ke zuwa da launinsa. Na rezin, wato waɗanda ƙananan masu sana'a ke zubawa, ka bar su tukuna: tsada, gam na daban, ga ƙurarsu ba ta da kyau ga huhu.

Yanzu ga abin da hoton kwali ba zai gaya maka ba. A wurinmu ba motar ce matsala ba, fenti ne. Gwangwanin feshi kaya ne mai kamawa da wuta, masu jigila ta jirgin sama ba sa cika karɓarsa, don haka sau da yawa motar za ta iso, fentinta ba zai biyo ta ba. Ka san abin da za ka shafa kafin ka yi odar abin da za ka shafa wa.

Fentin iri uku ne. Akwai akirilik, mai saurin bushewa da ƙarancin wari, irin ƙananan kwalaben Tamiya da Vallejo, shi ya fi dacewa da kujeru, sitiyari da inji. Akwai inamel mai mai, irin na Humbrol, yana kwanciya sumul da burushi amma yana ɗaukar lokaci kafin ya bushe. Sai mai tina, wanda ake kira lacquer da Turanci, shi ya fi ƙyalli da ƙarfi a bodi, ya kuma fi zafi, wato ya fi cin abin da aka shafa shi a kai. Ƙa'idar ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Ka fesa mai tina a kan inamel, sai ka ga fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Fentin mota na wurin fanibita da gwangwanin feshi na kasuwa suna aiki, amma tinarsu tana cin irin wannan roba, dole ka fara shimfiɗa firaima siririya, wato shafen farko da fenti ke hawa kai, ka kuma gwada a jikin firam ɗin da ka cire kayan kafin ka taɓa bodi.

Yanayi ma abokin shawara ne. Na taɓa fesa jan fenti a wani bodi cikin hunturu, a tsakar gida, ya fito yana sheƙi har ina ganin fuskata. Kafin in wanke hannu in dawo, ƙura ta zauna a kansa, na shafa na ji kamar sanfefa. Kwana uku na yi ina gogewa. Tun daga ranar nake yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi, da na gama kuma in kifa babbar robar abinci mai tsabta a kai. A damina kuwa laima kan sa mai tina ya yi fari-fari, sai ka jira ranar da gari ya washe. Kada ka shanya bodi a ranar bazara don ya yi saurin bushewa, robar lanƙwashewa take yi. Feshi kuma a sarari, da takunkumi.

Kayan aiki ba sai ka tara da yawa ba: ƙaramar filaya mai yanka, ko abin yanke farce kafin ka samu, wuƙa mai siririn baki, sanfefa mai laushi daga lamba 600 zuwa 2000, hantsaki, burushi biyu. Gam ne ba a yi masa arha. Na robar haɗi, irin Tamiya Extra Thin, narka fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, ɗigo kaɗan ya bi tsagar da kansa. Sufagulu yana riƙewa, amma tururinsa na sa gilashi ya yi hazo, don haka gilashi da fitilu sai farin gam na kafintoci, wanda ke bushewa garau.

Da ni ne kai yau, kuɗin da na ware zan raba biyu. Rabi ga Tamiya ɗaya a 1/24 mai launi guda, rabi ga gam, firaima da fenti, in ƙara da Hot Wheels biyu da zan koyi feshi a kansu. Idan kuma ta hannu ce za ka saya wurin wani, ka ce ya buɗe kwalin ya ɗauko maka hoto. Ka ƙirga tayoyi, ka tabbata gilashin bai tsage ba, sannan ka dubi takardar sitikar ruwa da kyau, wato sitikar da ake jiƙawa a ruwa kafin a manna ta a jikin mota. Idan ta yi rawaya ko ta yi zane-zanen tsagewa, tana shiga ruwa za ta wargaje, sai ka nemi ragi ko ka nemi wata.