Iyayen masu sikila, ku yi hankali da "likitar abinci" ta Facebook

Naira 120,000. Tun shekaranjiya nake lissafawa ina sakewa, ko zan ga ya ragu. 15,000 kuɗin rajista, 65,000 kuɗin garin da ta aiko, sai 40,000 na abin da ta kira zagaye na biyu, wanda har yanzu da nake wannan rubutu ban sa shi a ido ba. Dubu ɗari da ashirin cif, a wannan marra da mudun gero yake gagarar mutane.

Yarona yana da sikila, SS ne. A wani ƙauye muke kusa da Gumel, makarantar firamare da nisa, kuma duk wanda ke da mai wannan lalura ya san abin da sanyin hunturu da tafiyar rana suke yi musu. Shi ya sa muka cire shi, nake koyar da shi a gida da kaina. Na yi NCE, ba jahila ba ce ni, wannan nake so a fara sani kafin wani ya zo yana tambayata wai ya aka yi na yarda. Karatu yana yi, lissafinsa ya fi na sa'anninsa. Abinci ne matsalar. Ba ya ci, kullum sai rama, ɗan shekara 9 amma sai ka ce ɗan shida.

A wani zauren mata na Facebook na ganta. Farar riga, hoto a gaban wani babban asibiti a Kano, ga mata birjik a ƙasa suna ta godiya da addu'a. Amma wallahi ba hoton ne ya ja ni ba. Saƙon murya ne. Kafin in gama yi mata bayani ta ce, "Maman yaro, idonsa yana yin ɗorawa ko? Yana ƙarami hannuwansa da ƙafafuwansa sun riƙa kumbura?" Na ce e, Dakta. Ta ce ƙaninta ma haka ya yi fama, har muryarta tana rawa. Na saurari saƙon nan ban san adadi ba, jiya ma da daddare na sake saurara. Wace uwa ce za ta ji wannan ta ce ƙarya ce? Ku gaya min. Ta san idon, ta san kumburin, ta san ciwon ƙashi ya fi tashi da sanyi.

Akuyata aka kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis aka sayar, na haɗa da kwasar adashina. Kuɗin farko ma ba daga nan ba ne, 15,000 ɗin baban yara ne ya bayar, shi ya je wurin mai POS da kansa. Sunan da ya fito a asusun na namiji ne. Na tambaya, ba wai ban tambaya ba. Ta ce na mijinta ne, nata yana da matsala. Mata nawa ne a garin nan suke karɓar kuɗi ta asusun maza? Ni kaina haka nake yi.

Garin ya iso a motar haya, leda uku, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. 65,000. Ta ce a dama masa safe da yamma, cikin wata shida jininsa zai juya daga SS ya koma AS. Ta kuma ce in dakatar da folik asid da Paludrine ɗin rigakafin zazzaɓin sauro da asibiti suke ba shi, wai suna kashe ƙarfin garin. Ko a wannan ma sai da na yi mata gardama, ta turo min muryar wata mata tana kukan murna wai ɗanta ya warke.

Zazzaɓin sauro ya kama shi, ciwon ya tashi, aka kwantar da mu har da ƙarin jini. A bakin gadon na nuna wa wata nas ledar. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce, "Yaya, wannan ai Tom Brown ne." Gero, waken suya da gyaɗa, soyayye niƙaƙƙe. Abin da nake da shi a rumbu, abin da zan haɗa da hannuna in kai injin niƙa. Shi na saya 65,000. Likitan da ya zagayo ya ce min babu abincin da yake canza SS, gado ne daga uwa da uba, dashen ɓargo ne yake iya kawar da shi. Ya ce folik asid kullum ne, rigakafin zazzaɓi ba a tsayar da shi, a yawaita masa ruwa, a ba shi wake, ƙwai, kifi, zogale, kuma kada in saya masa maganin ƙarin jini a kemis ba da izininsu ba. Kyauta ya faɗa min wannan. Kyauta.

Na manta ban faɗa ba, 40,000 ɗin kafin a kwantar da mu na tura, ta ce kaya na kan hanya daga Legas, in ban biya a ranar ba za a ba wata. Da na turo mata hoton yaron da robar jini a hannu, ta karanta, alamar ta yi shuɗi, sai ta toshe ni. Ƙanin maigida ya je asibitin da ta ce tana aiki, sashen masu kula da abincin marasa lafiya suka ce ba su taɓa jin sunanta ba. Matan nan masu godiya kuwa, na bi shafukansu ɗaya bayan ɗaya, ba hoto, ba dangi, ba komai.

Uwar mijina har yau ba ta ce min uffan ba, kallona kawai take yi, kuma wannan ya fi min zagi ciwo. Allah ya isa tsakanina da matar nan. Ban yafe akuyata ba, ban yafe jinin ɗana ba, ban yafe 120,000 ba.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin POS guda uku da saƙon muryar duk suna wayata, zan ɗora su da zarar mun dawo daga wurin 'yan sanda. Mai neman likitan abinci ya je asibiti ya gan shi ido da ido. Kada ku tsayar da maganin yaro saboda maganar waya. In akwai wadda ta tura wa matar nan kuɗi, ta yi min magana ta ciki mu haɗa rasit.