Ɗan keken ɗinkin nan mai batir: wata 5 yana hannuna, ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata da na ɗora hoton 'yan rigunan da na kai barka a sitatus ake ta tambayata, wai da gaske da ɗan keken nan na roba na ɗinka su, kuma ko in ba da shawara a saya. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya, shi ya sa yau da yara suka tafi Islamiyya na ce bari in zauna in zayyana komai, wadda za ta saya ta saya ido buɗe.

Ni dai ba tela ba ce, kar wata ta ɗauka ƙwararriya ke magana. A Ƙofar Marusa na tashi, Innarmu na da Butterfly baƙin nan mai zanen ruwan gwal da ake takawa da ƙafa, a kanshi na koyi miƙa ɗinki da kalmasa, iyakata ke nan. Keken ya girme ni kuma har yau yana aiki a gidan Yayarmu, in an ɗiga mashi mai an share ƙura shi ke nan. Da na yi aure muka kama haya ciki da falo a Sabuwar Unguwa, ko da ina da kuɗin babban keke ba inda zan aje shi sai dai in fitar da kujera ɗaya waje. Ana nan sai na ci karo da bidiyon wata mai saida kaya a Facebook, ga ɗan keke fari da ruwan hoda kamar kayan wasan yara, tana ta zuba ɗinki a kan wandon jins fes ba ko gargada. Ba zan kama sunanta ba. Na tura kuɗi, bayan kwana 3 aka sa mani a mota daga Kano, Baban Ummi ya amso a tasha ya shigo da kwalin a hannu ɗaya yana dariya, wai wannan shi ne masana'antar da ake ta yi mashi zance.

A cikin kwalin akwai keken, da ɗan abin takawa mai waya, da adafta ta jona wuta, da 'yan bobin na ƙarfe da zare a jiki, da allura guda ta canji da ɗan ƙarfen zura zare. In ba wuta yana cin batir 4 irin na agogon bango. Gudu iri 2 gare shi, a hankali da sauri, sai ɗan fitila a saman allura da ɗan wuƙa a gefe na yanke zare. Takardar bayanin kuwa da ƙyar ake gane hotunan, rubutun ƙanana kamar tururuwa.

Ranar farko na kusa kuka wallahi. Don ɗoki na kunna shi ba yadi a ƙasa, sai ji na yi ƙurrr ya tsaya cak, zare ya cukurkuɗe a wajen bobin kamar gidan tsuntsu. Sai da na kwashe kusan awa da reza da tsinken sakace ina tsintar zare. To ku riƙe wannan, kar a taɓa kunna shi babu ƙyalle a ƙarƙashin allura, kuma kafin ki fara ki kama jelar zaren sama da na ƙasa ki ja su baya ki riƙe har ya yi taku 3 ko 4. Na biyu, zaren da ya zo da shi ki zubar kawai, ruɓaɓɓe ne, tsinkewa yake yi kamar an jiƙa shi. Da na shiga babbar kasuwa na sayo zare irin wanda teloli ke amfani da shi da fakitin allura lamba 14, rabin matsalar ta tafi. Allurar keken gida yake ɗauka, wadda gefe ɗaya na gindinta yake a shafe, ba sai kin nemi wata ta musamman ba, amma ki lura da yadda tsohuwar take fuskanta kafin ki cire, in kika juya ta baibai ba zai kama zaren ƙasa ba ko kin kwana kina takawa.

Inda ya burge ni shi ne kayan jarirai, nan kam ban yi asarar kuɗina ba. Ƙanwata ta haihu ana tsakiyar zafin nan namu na watan 4 da ko babba ƙuraje ke feso mashi, kuma yawancin kayan kanti da ake kawowa barka masu santsi ne kamar leda, ga duwatsu ga raga mai kaushi a wuya, kyau a hoto amma jariri na ciki yana dahuwa. Sai na ɗauko tsofaffin zannuwana na atamfa da suka sha wanki suka yi laushi, da wani farin yadin auduga yadi 2 da na sayo. Sabon yadi ko sabuwar atamfa sai an jiƙa an wanke sitatin ya fita tukuna, na farko don fatar jariri, na biyu don in zai ja ruwa ya ja kafin a yanka, kar ki gama wahala wanki ɗaya riga ta koma ta 'yar tsana.

Ba ni da wani fatan, wato zanen yankan riga na takarda, rigar Ummi ta lokacin tana jaririya na ɗora a kan kwalin indomi na zana, na ƙara rabin inci a kowane gefe na ɗinki. Riga mai buɗewa ta gaba na yi, mai ɗan igiya gajere a gefen ciki, don sabon jariri ba ya son a tura mashi kai ta wuyan riga, uwa ma tsoro take ji. Ban sa maɓalli ko ɗaya ba balle dutse, abin da zai ɓalle ya tafi baki ba na wasa da shi, igiya mai tsawo a wuya ma haka. Keken ɗinki miƙaƙƙe kawai ya iya, ba ya zigzag, to bakin yadi fa? Dabarar da Inna ta koya mani na yi, ki fara ɗinkewa ta fuskar waje siriri, ki rage bakin da almakashi, ki juya ki goge da dutsen guga, sai ki sake bi ta ciki, bakin yadin ya shige tsakiya ya ɓuya. Aiki biyu ne amma cikin rigar sumul ba zaren da zai soki jariri, kuma ba ya zarewa a wanki. Haka na yi riguna 6, da 'yan wanduna masu roba 4, da abin tare dalala na wuya da na yanka daga tsohon tawul, da zanin goyo guda 2 da kalmasa kawai suke so. Goggonmu da ta zo wankan jego ta ɗaga rigar tana juyawa ta ce ke 'yar nan ashe zaman da kika yi gindin keken uwarki bai tafi a banza ba. Ranar har kunun kanwa kofi biyu aka zuba mani.

Abu ɗaya da ke ci mani rai ko a nan, ba ya komawa baya. Babban keke in kin zo ƙarshe kina danna ɗan ƙarfe ya koma ya kulle ɗinki, wannan kuwa sai ki bar allura a ciki ki ɗaga ƙafar keken da ke danne yadi ki juya yadin gaba ɗaya ki sake bi, ko ki ja zaren ki ƙulla da hannu. Kan rigar jariri ba komai, ƙarama ce. Yadi mai talewa irin na singileti kuma tsallake yake yi, taku 2 ya kama na 3 ya bari, sai na gano in na shimfiɗa farar takarda a ƙasa na ɗinke tare na yage daga baya yana ɗan daidaita.

Jaka ce ta tona mashi asiri. Da na ga riguna sun yi kyau sai kai ya kumbura, na ce bari in yi jakar zuwa asibiti irin mai aljihu da yawa da ake zuba famfas da fida da kayan canji, har ina lissafin in ta yi kyau in fara saidawa matan unguwa. Na yanka atamfa inci 16 da 14, na sa shafi, na sa soso siriri a tsakiya don ta tsaya. Gefe da gefe ya bi da ƙyar yana nishi, yana rawa a kan tebur don ba shi da nauyi sai na sa Ummi ta danne mani shi. Da aka zo wajen maƙala hannu, inda yadi ya ninku ya kai 6 ga soso, nan ya ce bai san zance ba. Allura ta farko ta karye, na sa lamba 16 ita ma ta lanƙwashe, injin na kuka amma haƙoran ba sa jan yadin, har na fara jin ƙaurin roba na yi maza na kashe. Ga tsakanin allura da jikin keken ɗan wuri ne, jaka ba ta samun hanyar wucewa. Zif kuma kar ma a fara, ƙafar da ke danne yadi ba a canza ta, ba za ki iya matsawa kusa da haƙoran zif ba, sai ya fito a karkace kamar hanyar ƙauye. Ƙarshe a leda na zuba jakar na kai gidan Yaya, ta hau keken Inna minti 20 ba ta cika ba ta gama, tana yi tana mani tsiya.

Na koma na sake kallon bidiyon matar nan da kyau, ashe ƙafar wandon ce falle ɗaya take bi, ba ta taɓa hawa kan kauri ba. Na yi mata magana ta ce ai hajiya sai a hankali, daga nan ba ta ƙara buɗe saƙona ba.

Amma ba duka jaka ce ta fi ƙarfinshi ba. Jaka mai zuge da mazagi yana yinta lafiya lau, ki ninka yadi ki ɗinke gefe biyu, ki yi ƙubaka a sama kamar ta wando ki zura igiya. Na yi wa Ummi da ƙanenta na zuba Alƙur'ani da littattafan Islamiyya, na yi ƙanana na zuba turaren wuta da lalle, na yi ta cefane marar soso wadda na ninka hannun sau 2 kawai na ƙarasa wajen maƙalawar da allurar hannu. Ƙyallaye kuwa ban cika saye ba, gab da sallah in kika je wajen telanki da ɗan abin goro zai cika maki leda, har da shadda da yadin maza masu kyau.

Batir yana sha ba kaɗan ba, in ya fara rauni za ki ji muryar ta canza ɗinkin ya fara tsallake, ni yanzu sai an kawo wuta nake zama kanshi, ko da dare in yara sun yi barci, ko da yake ƙararshi ta fi girmanshi.

To wa zan ce ta saya? Amarya ko mai ciki da ke son ta ɗan yi wa jaririnta kaya da hannunta, ko mai yara da kullum wando ya farke hijabi ya zare, ko yarinyar da ake son a ga ko tana da sha'awar ɗinki kafin a kashe kuɗi da yawa, duk zai yi masu. Wadda kuwa ke lissafin sana'ar jakunkuna ko kayan jarirai na saidawa, don Allah ki riƙe kuɗinki ki ƙara a kan na keke mai ƙafa ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne, ki je da wanda ya san keke ya gwada maki a kan yadi mai kauri a gabanki. Wannan ba zai jure ɗinkin safe zuwa yamma ba, roba ce.

Ni dai na shiga adashen matan gidanmu, kwasata na zuwa bayan babbar sallah in Allah ya kai mu, kuma na riga na faɗa wa Baban Ummi kujerar nan ta bakin taga ita za ta fita. Ɗan keken kuma Ummi ta riga ta ce nata ne, jiya ma na same ta ta yanka mani gefen sabon ɗankwali wai za ta yi wa 'yar tsanarta zanin goyo.