Tabarau mai hawa-hawa: wata uku ina sanye da shi

Shekaruna 47. Tun bara sai na miƙa hannu can nesa kafin in iya karanta saƙo a waya. Likitan ido ya ce girma ne: daga shekara 40 madubin da ke cikin ƙwayar ido kan fara tauri, ya kasa kama abin da ke kusa. Aka yanka mini gilashi mai hawa-hawa, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu, babu layi a tsakani.

Ta fannin karatu, alhamdu lillahi. Alƙur'anina mai ƙananan baƙaƙe da na jingine, na koma masa.

Tafiya ce ta ba ni wuya. Ranar farko ina saukowa daga matakalar masallaci bayan Magariba, na kai ƙafa inda ido ya nuna mini, sai na ji ta zarce. Da ban dafe bango ba da na sha ƙasa. Daga baya na gane dalili. Ƙasan gilashin an saita shi ne don abin da ke kamar santimita 40 daga fuska, matakala kuwa nisanta ya haura mita ɗaya, shi ya sa bakinta ya dushe. Tsakanin idanun mutum akwai tazarar kusan santimita 6, kowanne yana ganin abu ta ɗan ɓangarensa, da wannan bambancin ne ƙwaƙwalwa ke auna zurfi. In hazo ya shiga, awon ya ɓaci, ita kuwa ƙafa awon take bi. Haka na yi ta fama wajen tsallake kwata. In na waiga da sauri kuma, sai in ga katanga tana lanƙwasa ta gefen gilashin.

Abin da ya ɓata mini rai, a shagon babu wanda ya ja mini kunne. Wani abokin aiki ne ya ce in riƙa sunkuyar da haɓa ina duban ƙasa ta saman gilashin, in kuma juya kai gaba ɗaya maimakon satar kallo. Cikin mako biyu jikina ya saba.

Har yanzu matakala mai tayil kala ɗaya, wadda babu inuwa a bakinta, ina taka ta da hankali. Ta gidana na manna wa farin tef a bakin kowane hawa.

Mai aikin ofis zai ji daɗinsa ƙwarai. Hajiyarmu kuwa, da gwiwa ke damunta, tabarau biyu na sa aka yi mata, na karatu daban, na tafiya daban.