Kujerar lilin ko ta karammiski, in akwai kyanwa a falo?

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Kin ce kina son ki yi wa falonki ado mai kamannin bakin teku, kina tambayar kujerar da za ki saya. Tsakanin farar kujerar lilin da kika gani a hoto da ta karammiski mai launin yashi, tunda kin ce kyanwoyinki biyu kuma a falo suke wuni, ki ɗauki ta karammiskin. Kamannin bakin tekun da kike so ba zai ragu ba, akwai wuraren zuba shi da yawa ban da jikin kujera.

Irinta ce a falona, karammiski na zaren roba, wanda ake kira foliyesta. Ranar da aka kawo ta kyanwata ta zagaye ta, ta shinshina, sannan ta miƙe a jikin hannun kujerar ta kafa farce za ta ja kamar yadda ta saba. Farcen ya zame. Ta sake gwadawa, ya sake zamewa. Sai kawai ta haye ta naɗe a kusurwa ta yi barcinta, kuma har yau wannan kusurwar ce makwancinta. Yara sun zubar da abin sha a kai, baƙi sun zauna, na goge da tsumma mai danshi da ɗan sabulu, kujera tana nan da kyanta. Wallahi ina jin daɗinta.

Sirrin yana cikin saƙa. Kyanwa ba don ɓarna take yaƙushi ba. Tsohon ɓawon farce take cirewa, tana miƙa jiki, tana kuma barin warin tafin ƙafarta a wurin don ya zama nata. Abin da take nema shi ne inda farce zai shiga ya kama. Karammiski saƙarsa a matse take, gashin samansa kuma gajere ne yankakke, babu zaren da ya lanƙwaso wanda farce zai maƙale a ciki. Da ta ga bai kama ba sai ta nemi wani wurin.

Lilin ya fi sanyi a jiki, kuma ya fi fitowa a hoto, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Amma na taɓa mallakarsa ban ji daɗinsa ba: saƙarsa a buɗe take, farce ɗaya ke zaro zare, yana shanye ruwa nan take, in an wanke rigar kujerar kuma tana iya tsukewa ta ƙi komawa.

Karammiskin ma yana da nasa. Yana riƙe gashi, kuma in an zauna an tashi sai ki ga sawun zama har sai an shafe shi da hannu. Gashin dai a sama yake tsayawa, ba ya nutsewa cikin saƙa. Ki sa safar hannu ta roba, ki ɗan jiƙa ta, ki shafa gefe ɗaya, zai dunƙule ki kwashe.

A nan ne launi ya shigo. Kada ki zaɓi fari fat, kada kuma ki zaɓi shuɗi mai duhu. Fari yana tona baƙin gashi da sawun ƙafa, shuɗi mai duhu yana tona farin gashi da ƙura. Launin yashi, ko ruwan toka mai haske, shi ke tsakiya. Ki dubi jikin kyanwoyinki, ki ɗauki wanda ya fi kusa da gashinsu. Shuɗin teku kuma ki kai shi bango ɗaya, da rigunan filo masu zif, da mayafin da za ki yafa a inda suka fi kwanciya, abubuwan da za ki cire ki wanke ko ki sauya in sun gaji. Fari ya tsaya a silin da firam ɗin taga, inda ƙafa ba ta kaiwa. Fentin bangon ya zama mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa, domin kyanwa tana goga kumatunta a kusurwar bango, a hankali wurin ya yi duhu. Labule kuma gara wanda bai ja ƙasa ba.

Kafet ma kwatancen ɗaya ne. Wanda ake yawan sawa a hotunan irin wannan falo na zaren sisal ne, wani zaren tsiro mai kaushi da ake igiya da shi, ko na zaren da ake buhun algarara da shi, saboda ya yi kama da yashi. To da igiyar sisal ɗin nan ake naɗe sandar da ake saya wa kyanwa don ta wasa farce. Kin ga in kika shimfiɗa shi a falo kin ba ta izini ke nan. Ga shi ba ya son ruwa: fitsari ko amai in ya shiga, tabon ya zauna, zarnin ya zauna, in aka jiƙa shi kuma ya yi funfuna. Ki nemi na roba, folifirofilin, mai saƙa a kwance marar dogon gashi. Ana yin sa da kamannin sisal ɗin sak, zarensa ba ya shan ruwa, kina iya fitar da shi waje ki kwara masa ruwa ki shanya. Sisal na gaskiya ki bar shi a jikin sandar yaƙushi, mai tsayin santimita 80 ko fiye, mai gindi da nauyi, ki kafa ta dab da hannun kujera. In fitsari ya zuba, kada ki goge da abin da ke da amoniya, warinsa yana ja mata ta koma wurin. Kada kuma ki zuba bilic a kai, haɗuwarsa da fitsarin tana tayar da iska mai cutar da numfashi. Akwai sabulun ruwa mai inzayim da ake yi don wannan.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Wani da ya ji kin ambaci kyanwa zai ce yadinsa ko zaki bai iya yaga shi. Babu yadin da ya gagari farce gaba ɗaya, akwai dai wanda bai ba shi sha'awa. Wani kuma zai ba ki karammiskin biskos, zaren da ake sarrafawa daga itace, ko na auduga a matsayin na roba, su kuwa ɗigon ruwa kaɗai yana bar musu tabo. Ki nemi ƙyalle ki tafi da shi gida. Ki ɗiga masa ruwa ki ga ko zai tsaya a sama, ki ja bakin makulli a kai, ki kuma zare zare ɗaya ki kusantar da shi ga ashana: na roba narkewa yake ya dunƙule da tauri, na auduga da biskos toka suke zama da ƙaurin takarda. Ki dube shi da hasken rana a falonki, don fitilar shago tana sauya launi. In akwai takarda a jikin yadin, ki duba lambar gwajin Martindale, daga 25,000 zuwa sama ya isa kujerar da ake zama kullum. Sai dai juriyar guga lambar take aunawa, ba ta auna yaƙushi, kada a ruɗe ki da ita. Harafin W yana nufin ana gogewa da ruwa, S kuwa ba a sa masa ruwa, shi ki bar musu. Wanda ya ce ki sayi ta fata, ki tabbata ba garin fata ba ne da aka manna a kan yadi, wannan ɓarewa yake ko babu kyanwa.

Tsirrai ma ki kula, tunda irin wannan ado da su yake tafiya. Furen lili yana kashe ƙodar kyanwa, ko garin furen ta lasa a jikinta ya isa. Ɗan itacen sago mai kama da ƙaramin dabino yana lalata hantar kyanwa da ta kare. Areka, wani tsiron ado dangin dabino, ba ya cutar da su, kuma ganyensa zai ba ki kamannin da kike nema. Ƙananan bawon kifin teku na ado kuma ki zuba su a kwalba mai murfi, ki ɗora can sama.