Wayar gida maras igiya ta tsufa: batir za a canza ko sabuwa za a saya?

A gidajen 'yan'uwa mazauna Ingila, har yanzu wayar tarho ta gida tana da aikinta, musamman inda akwai dattijo ko dattijuwar da ba ta saba da wayar hannu ba. Idan irin maras igiyar nan ta fara ɗaukewa ana tsaka da magana, ko ta kwana a kan mazauninta amma minti biyar ya ishe ta, kada a yi saurin jefar da ita. Sau da yawa batir ne ya gaji. Yawancinsu batura biyu ƙanana suke ci, girman AAA, irin NiMH masu cajuwa. A zare murfin baya a duba. Sai dai kada a kuskura a saka batirin tocila wanda ba a cajinsa, domin mazaunin zai yi ta tura masa wuta har ya yi zafi ya zubo da ruwa, ya cinye cikin wayar.

In kuwa madannan sun daina amsawa, rubutun fuskar ya kode, ko ƙara ta ƙi tafiya ko da sabon batir, to lokacin saye ya yi. Amma kafin a duba farashi, a fara sanin irin layin da ke gidan.

Ingila tana kashe tsohon tsarin layin tarho, ana mayar da kira ya bi ta intanet, kuma kamfanin waya na BT ya sa ƙarshen Janairun 2027 a matsayin wa'adi. Bayan sauyin, ba a jikin bango ake jona wayar ba, sai a bayan akwatin intanet na gidan. Wayoyin Panasonic da Gigaset da makamantansu suna aiki a haka, in dai akwatin yana da ƙofar waya. BT tana da nata wayoyin na Digital Voice, wato tsarinta na kira ta intanet, da suke haɗuwa da akwatinta kai tsaye, babu wani mazauni na daban sai caja. Sun fi sauƙin saiti, amma don akwatin BT aka yi su, ranar da aka sauya kamfani suna iya zama kayan ado. Wanda yake yawan canza kamfanin intanet saboda rahusa, gara ya sayi waya mai mazauninta.

Maganar wuta ita ce ta fi damuna. Tsohuwar waya mai igiya daga layi take samun wutarta, ko an ɗauke lantarki tana aiki. Maras igiya ba ta taɓa yin haka ba, mazauninta sai da soket. Yanzu kuma akwatin intanet ma sai da wuta, don haka batirin da ke cikin maras igiyar da ke hannunka ba zai yi maka komai ba idan akwatin ya mutu. Hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta ɗora wa kamfanoni samar da hanyar kiran agajin gaggawa ta aƙalla awa ɗaya bayan ɗaukewar wuta, kyauta ga waɗanda suka dogara da wayar gida. Duk mai tsoho a gida, ko mai na'urar neman ɗauki da ake rataya a wuya, ya kira kamfaninsa ya faɗa musu kafin a sauya masa layi.

A tsakanin wayoyin kansu, bambancin bai kai yadda tallace-tallace ke nunawa ba. Dukkansu tsarin DECT suke bi, wato hanyar da wayar ke haɗuwa da mazauninta ba igiya, suna kai kamar mita 50 a cikin gida, 300 a fili. Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne toshe kiran 'yan damfara, domin dattawa suka fi farauta. Wasu wayoyin BT suna sa baƙuwar lamba ta faɗi sunanta kafin wayar ta yi ƙara. Ga mai matsalar ji ko gani, Doro da Geemarc suna da masu manyan madannai da ƙarar murya. Na'urar ɗaukar saƙo kuwa, in ba a taɓa sauraron ta tsohuwar ba, ba za a saurari ta sabuwar ba.

Gida mai bene ya fi dacewa da saiti mai kai biyu ko uku, wato wayoyin riƙewa biyu ko uku, a kan mazauni ɗaya. Akwai ƙa'idar GAP da ke ba da damar haɗa kan wani kamfani da mazaunin wani, amma kira da amsawa kawai ke da tabbas, jerin lambobi da sauran abubuwa kan ƙi.

Kada a ɗauko waya daga Amurka. Tasu, wadda ake rubuta wa DECT 6.0, tana kan zangon 1920 zuwa 1930 MHz, na Turai kuwa 1880 zuwa 1900 ne, ga shi cajarsu ta volt 120 ce, ba irin wutar Ingila ba. Haka nan kada a saya a Landan a yi tsarabarta zuwa Kano ko Zariya. Tun da layukan NITEL suka mutu, da wuya a sami gidan da ke da inda za a jona ta. Abin da ke aiki a can shi ne wayar tebur mai cin katin SIM, mai batirinta a ciki.