Yis ɗin Saf-Instant mai launin zinari: yana jure sukari, amma a kula da asid

Kamfanin Lesaffre na ƙasar Faransa, wanda aka kafa a 1853, shi ke yin yis ɗin burodi mai suna Saf-Instant. Masu gidajen burodi sun fi sanin kala biyu, ja da mai launin zinari, a leda mai gram 500 da aka zuƙe wa iska. Jan na kwaɓin da sukarinsa bai kai kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa ba ne, na zinarin kuwa na kwaɓi mai zaƙi. Idan ana zuba kilo 5 zuwa 7 na sukari a buhun fulawa mai kilo 50, na zinarin ya dace, kuma leda guda tana ɗaukar buhun.

Ta wannan fuska kayan ya cika alkawari. Ba ya buƙatar jiƙo, a cikin fulawa ake barbaɗa shi, kuma tashinsa yana da tabbas idan zafin kwaɓin ya tsaya tsakanin digiri 26 da 28. Ruwan ƙanƙara kai tsaye yana yi masa illa, don haka sai a fara haɗa fulawa da ruwan kafin a zuba shi. Da an farke leda kuma, a ɗaure bakinta sosai a sa a firij. Ledar da ta yi laushi tun a shago iska ta shige ta, kada a saya.

Inda ake samun saɓani shi ne lokacin damina, sa'ad da fumfuna ke saurin kama burodi, mai gida ya ƙara maganin hana lalacewa, kwaɓi ya ƙi tashi, sai a ce yis ne ya mutu. Sau da yawa yis ɗin lafiyarsa ƙalau. Launin zinarin alama ce ta jure sukari, jure asid kuwa wata magana ce daban.

Maganin da aka fi sawa shi ne kalsiyam furofiyonet. Idan ya narke a kwaɓi, wani kasonsa yakan koma asid marar cajin lantarki, kuma wannan kason ne ke ratsa tantanin ƙwayar yis. Yawansa ya dogara da tsamin kwaɓin. Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru. A pH 5.5 kusan kashi ɗaya cikin biyar ne, a pH 5.0 kuwa ya haura kashi 40 cikin 100. Cikin ƙwayar babu tsami sosai, pH ɗinsa yana kusa da 7, don haka da asid ya shiga sai ya rabu biyu: furoton, wato ɗan ɓangaren da ke kawo tsami, da ɓangare mai caji wanda ba ya iya komawa ta inda ya shigo. Dole ƙwayar ta fitar da su da ƙarfi. Wani furotin da ke jikin tantanin mai suna Pma1 yana turo furoton waje, wani mai suna Pdr12 kuma yana fitar da ɓangaren mai caji, kowannensu yana cin makamashi. Da ya fita ya tarar da tsami sai ya sake haɗewa ya dawo, kamar mai kwalfar ruwa daga kwalekwale mai huda. Yis ya shagala da wannan aiki, iskar da ke kumbura kwaɓi ta ragu.

Ba duka asid ke shiga ta hanya ɗaya ba, kuma sanin haka yana da amfani ga mai kwaɓi. Asid ɗin ruwan khal yana ratsa tantani, yana kuma bin wata kafa mai suna Fps1 wadda asalin aikinta fitar da wani sinadari ne mai suna gilisarol. Asid ɗin da ke cikin kindirmo bai kai shi illa ba, domin a pH 5 sama da kashi 90 cikin 100 nasa yana da caji, ba ya shiga sai furotin ya ɗauke shi. Wannan furotin shi ne Jen1, wanda masu bincike a Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal suka bayyana aikinsa a 1999: yana shigar da asid ɗin tare da furoton guda. Akwai kuma Ady2 mai ɗaukar na khal. Yis yana ƙera waɗannan biyun ne idan babu gulukos (wani nau'in sukari), lokacin da zai ci asid a matsayin abinci. Da gulukos ya bayyana sai ya daina ƙera Jen1, ya janye wanda ke kan tantani ya narkar da shi. A kwaɓi mai sukari, wannan ƙofa a rufe take. Duk da haka kindirmo yana ƙara tsamin kwaɓi, kuma tsamin yana ƙara wa furofiyonet kaifi, a kan fumfuna da kan yis baki ɗaya.

Ma'aunin da ya dace da wannan yis shi ne gram 100 zuwa 150 na furofiyonet a buhu, a auna da sikeli, ba da gwangwani ba. Idan an kai 150, a ƙara yis da gram 50 zuwa 100, ko a tsawaita lokacin tashi. Idan za a sa khal, a rage furofiyonet, kada a haɗa su kowanne a cikakken awonsa. A watsa maganin a cikin fulawa nesa da inda aka zuba yis. Fotasiyam sobet kuwa, wani maganin hana lalacewa, kada ya shiga kwaɓi sam, domin ya fi furofiyonet danne yis. A kan burodin da ya fito daga tanda ake fesa shi.

Kafin a zargi leda, a gwada: fulawa gram 100, sukari gram 10, yis gram 1, ruwa gram 60, a kwaɓa kashi biyu, ɗaya da magani ɗaya babu, a ajiye su wuri guda a kofuna iri ɗaya. Idan marar maganin ya tashi ya bar ɗan'uwansa, awon maganin ko tsamin kwaɓin za a gyara.