Yawon buɗe ido a babban birni ba tare da tikiti ba: me ya fi dacewa ka zaɓa?

Baƙon da ke da kwana biyu ko uku a babban birni zai iya cika ranakunsa bai sayi tikiti ko ɗaya ba. Sai dai abin da bai ci kuɗinka ba yakan ci lokacinka, ta hanyar layi ko rajista ko kuɗin mota. Da wannan ma'auni ya kamata a auna zaɓi.

Gidajen tarihi su ne kan gaba, kuma iri biyu ne. Akwai waɗanda kullum kyauta ake shiga. A Ingila, tun Disamba 2001 manyan gidajen tarihi na ƙasa ba sa karɓar kuɗin shiga, shi ya sa a Landan za ka shiga British Museum da National Gallery da Tate Modern ba ka taɓa aljihu ba. Haka gidajen Smithsonian suke a Washington. Amfanin irin waɗannan shi ne ba ka da dalilin gaggawa: ka zaɓi zaure biyu ko uku, ka yi awa biyu, ka fita, gobe ka dawo idan ka ga dama. Masu son ganin komai a rana ɗaya sukan ƙare da ciwon ƙafa, ba su riƙe komai ba. Abu biyu kan ba mutane matsala. Nune-nune na musamman da ake kawowa na ɗan lokaci da kuɗi ake shiga. Sannan British Museum ba ya barin a shiga da akwati mai taya, saboda haka kada ka sa shi a hanyarka ta zuwa filin jirgi.

Iri na biyu su ne masu kuɗi da ke buɗe ƙofa kyauta a wani ƙayyadadden lokaci. Gidan tarihin Vatican yana yin haka ranar Lahadin ƙarshe ta wata, kuma da rana tsaka ake daina shigar da mutane. Prado a Madrid yana ba da awa biyu na ƙarshen kowace rana. Louvre a Paris kuwa Juma'ar farko ta wata ce bayan ƙarfe shida na yamma, ban da Yuli da Agusta. A ganinmu wannan bai kai na farko ba. Kowa ya san ranar, kowa zai zo, sai ka share rabin lokacin a layi, ka shiga kana leƙen zane ta saman kafaɗun jama'a. Idan wurin shi ne dalilin zuwanka birnin, gara ka biya ka je ranar da babu cunkoso.

Ga mai son hangen birni daga sama, ba dole sai hasumiya mai tsada ba. Ginin gwamnatin birnin Tokyo yana da ɗakin kallo a hawa na 45, tsayin mita 202, kuma idan sama ta washe a lokacin sanyi ana hango tsaunin Fuji. Ƙubbar gilashi ta majalisar dokokin Jamus a Berlin ma kyauta ce, amma sai ka yi rajista tun da wuri da cikakken suna da ranar haihuwa, kuma ka zo da fasfo, domin za a duba. Sky Garden na Landan, lambu a saman wani dogon bene, ta intanet ake kama gurbi, guraben ƙarshen mako kuma da wuri suke ƙarewa. Ka duba hasashen yanayi kafin ka zaɓi rana. Hazo ko ruwan sama ya isa ya mayar da tafiyar hawan lifta kawai.

Jirgin ruwan Staten Island a New York ya cancanci a ware shi. Kyauta ne tun 1997, yana aiki dare da rana, kuma tsallakawa kusan minti 25 ne. Idan kun taso daga Manhattan, tsaya ta hannun dama, nan za ka ga mutum-mutumin 'Yanci (Statue of Liberty). Ba ya tsayawa a tsibirin mutum-mutumin, daga nesa kawai za ka gani. A ɗaya ɓangaren dole kowa ya sauka kafin a sake shiga. Duk wanda ya tare ka a bakin tasha yana sayar maka da tikitin wannan jirgi, ɗan damfara ne.

Wuraren ibada sai an bincika ɗaya bayan ɗaya. Masallacin Sultan Ahmed a Istanbul kyauta ne, ana dai rufe shi ga masu kallo a lokutan salla, kuma ana so a suturta jiki. Hagia Sophia da ke fuskantarsa kuwa tun 2024 baƙi masu yawon buɗe ido biya suke yi. Cocin Notre-Dame na Paris, da aka sake buɗewa a Disamba 2024, ba a biya, amma cocin Westminster Abbey na Landan ana biya in dai kallo ya kawo ka.

Lambunan shaƙatawa irin Hyde Park na Landan da Central Park na New York ba su da layi ba su da rajista, kuma su suka fi dacewa da mai yara ko tsofaffi, muddin yanayi ya yi kyau.

Sai zagayen ƙafa da ɗan jagora, wanda ake tallatawa da sunan kyauta. Da tukwici masu jagorar suke rayuwa, wasunsu ma kamfani yana karɓar wani abu a hannunsu kan kowane mutum da ya zo. Ka ɗauka cewa za ka ba da wani abu a ƙarshe. Idan ba ka shirya ba, sauke taswirar birnin a waya tun kana da intanet, ka haɗa wurare uku da ke unguwa ɗaya, ka taka da ƙafarka. Wurare biyu na kyauta da ke gabas da yammacin birni kan ci kuɗin jirgin ƙasa da awanni fiye da yadda ake zato.